Alkamar da ta fito fes a gonar gwaji ita ya kamata a fi tuhuma

Akwai wani aiki a harkar noma da in ka tarar ana yinsa ba wanda ya yi maka bayani, zaka rantse ɓarna ake. Mutane ne masu ilimi, su shuka alkama layi-layi har dubbai, su ba ta taki su ba ta ruwa, sai ta yi kore shar ta fara fitar da kara sannan su ɗauko sirinji cike da ƙwayar cuta su bi wasu layukan suna tsira musu, da yamma kuma su saki ruwa sama-sama dan ganyen ya kwana a jiƙe cutar ta ji daɗin kamawa. In shekara ta zo cutar bata kama sosai ba ransu ɓaci yake, dan a wajensu aikin wannan shekarar ya tashi a banza kenan. Wannan shine tantance irin alkama a kan cutar tsatsa, tankaɗe da rairaya ake wa iri kafin a sake shi ya je hannun manomi, kuma ni dai a ganina abin da ya fi muhimmanci a cikinsa shine abin da aka fi saurin tsallakewa, wato me ake nufi in an ce iri ya ci jarrabawa.

Tsatsar alkama kala uku ce, duk fangas ne dangin fumfuna daga gidan da masana ke kira Puccinia. Akwai ta kara, ita ce mai muni, tana fasa fatar kara ta fito da ƙuraje dogaye ja-ja masu duhu, ta tare hanyar da abinci ke bi ya hau zangarniya, ƙwaya ta motse, karan ya yi rauni iska kaɗan ta kwantar da shi. Gonar da ka gani lafiya lau sati uku kafin girbi tana iya komawa karmami baƙi. Akwai ta ganye mai ɗigo-ɗigo ruwan lemo, bata cika kashe gona gaba ɗaya ba amma ita ta fi yaɗuwa a duniya, kowace shekara tana ɗan yagar rabonta. Sai ta ukun mai ruwan ɗorawa da ke jeruwa layi-layi a tsawon ganye. Mai ɗorawar sanyi take so, wajen digiri 10 zuwa 15, ta ganye tsaka-tsaki, ta kara kuma ɗumi, har kusan digiri 30 tana aikinta. Shi yasa ba a iya gwada duka ukun da kyau a wuri ɗaya, kowacce da inda take ƙarfi.

Hodar nan da ke manne maka a yatsa in ka shafa ganyen, ita ce irin cutar. Ƙwaya ɗaya in ta sauka a ganye ta samu raɓa na 'yan awoyi sai ta tsiro ta shiga ta ƙofofin numfashin ganyen, cikin sati ɗaya zuwa biyu ta fashe ta fito da wasu dubbai, su ma su sake, haka-haka har gona ta rine. Kuma iska ke ɗaukarsu, ba ruwansu da iyakar ƙasa ko teku. Ostareliya bata san tsatsa mai ɗorawa ba sai 1979, kuma abin da masana suka fi zato shine a jikin tufafin matafiyi ta shigo daga Turai.

Toh me zai hana a yi feshi kawai a huta? Ana yi, kuma yana aiki in an yi a kan lokaci. Amma magani kuɗi ne, sai an same shi a daidai satin da ake buƙata, kuma akasarin ƙananan manoman duniya kafin su gane abin da ke faruwa su nemo magani cutar ta riga ta gama. In kuwa kariyar tana cikin irin ne to manomi ya saye ta tun ranar da ya sayi iri, ba sai ya san sunan cutar ba ma. Tun 1905 wani masani a Kambirij ta Ingila mai suna Rowland Biffen ya nuna cewa juriyar tsatsa gadonta ake daga uwa zuwa 'ya kamar yadda ake gadon tsawo ko launi. Murna bata daɗe ba, dan wajen 1917 Elvin Stakman a Minnesota ta Amurka ya gano cewa ita ma tsatsar ba abu ɗaya bace, nau'i-nau'i ce, ido baya bambance su amma wannan nau'in ya kama irin da wancan ya kasa. Daga nan maganar ta canza. Ba a cewa iri yana jure tsatsa a yi shiru, dole a ce wace tsatsa, wane nau'i.

Gwajin farko a ɗakin gilashi ake yinsa, kan 'yan tsirrai. Wannan fangas baya rayuwa sai a jikin shuka mai rai, dan haka kafin a yi gwaji sai an yi kiwon cutar tukuna, a shuka irin da aka san ba ya da kariya ko kaɗan, akwai wani tsohon iri da ake ce wa Maroko da ya yi suna a wannan, a sa masa nau'i ɗaya tak a killace shi kar wani ya gauraya, a tattara hodar a busar a ajiye cikin sanyi mai tsanani, digiri 80 ƙasa da sifili, tana iya shekaru a haka. Ranar da za a yi amfani da ita sai a ɗan gasa ta da ruwan ɗumi na 'yan mintuna ta farfaɗo. Tsirran gwajin kuma in sun kai kamar sati ɗaya zuwa kwana 10, ganyen farko ya buɗe, sai a dama hodar a wani mai mara nauyi a fesa musu, ko a gauraya da hodar talk a busa, a kai su wani akwati mai duhu da laima su kwana kamar raɓa ta sauka musu. Bayan kamar kwana 14 a zo karatu.

Karatun nan abin kallo ne. Mutum ya sunkuya kan ganye ƙarami yana duba girman ƙurji da abin da ya kewaye shi. Ma'aunin Stakman daga 0 zuwa 4 yake. 0 babu komai. Akwai wanda zaka ga ɗan tabo fari-fari kamar an ɗiga, ba hoda, wannan alama ce shukar ta gane cutar ta kashe ƙwayoyin jikinta na wurin da kanta dan cutar ta rasa abin ci. 1 da 2 ƙananan ƙuraje ne da mataccen nama ko rawaya ya kewaye. 3 da 4 kuwa manyan ƙuraje ne suna zubar da hoda a kan ganye kore lafiyayye, kaga shukar bata ma san an shigo ba. Da wannan hanyar ake sa wa nau'ukan cutar suna. Akwai jerin alkama guda 20 da aka san ƙwayar gadon (wato abin da ke ɗauke da halin da shuka ke gada) da ke cikin kowacce, an raba su rukuni 5 huɗu-huɗu, sai a sa musu cutar a ga wanne ta ci wanne ta kasa, kowane rukuni ya ba da harafi ɗaya. Sunaye irin TTKSK da ake gani daga nan suke, harafi biyar rukuni biyar, kuma T na nufin ta cinye duka huɗun da ke rukunin.

Yanzu ga inda matsalar take. Juriyar da ke bayyana a ɗan tsiro yawanci ƙwayar gado ɗaya ce mai ƙarfi ke ba da ita. Harold Flor da ya yi aiki a Dakota ta Arewa a shekarun 1940 da 1950 shi ya warware yadda abin yake, kowace ƙwayar kariya a shuka tana gane wani abu ɗaya ne tak a jikin cutar. Kamar maigadi ne da aka nuna wa ɓarawo aka ce ka gane shi da jar hula, muddin da jar hular ya zo ba zai wuce ba, ranar da ya cire ta kuwa maigadin da kansa zai buɗe masa ƙofa. Cutar da ke haihuwar biliyoyin ƙwayoyi a gona ɗaya ba wuya a samu ɗaya da ta fito ba hular, ta kuskuren kwafi kawai. In an shuka iri ɗaya a miliyoyin hekta to wannan ɗayar ita kaɗai ke da abinci, sauran duk sun mutu, cikin shekara biyu uku ta cika ƙasa. Wato irin da ya fi karɓuwa shi ke kiwon nau'in da zai kashe shi. Haka aka yi a Amurka a 1953 da 1954 lokacin da nau'in 15B ya ci fiye da rabin alkamar durum, wato ta yin taliya, ta jihohin arewa.

Labarin Sr31 ya fi kowanne nuna wannan, ta fuska biyu ma. Ƙwayar gado ce da aka samo daga wani hatsi ɗan uwan alkama na ƙasashen sanyi da ake kira rayi, ta shiga irin da cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko ta rarraba wa duniya, kuma kusan shekara 30 tana riƙe da tsatsar kara. Ta riƙe har aka manta da cutar. Kuɗin bincike ya koma wani wajen, masu sanin cutar suka tsufa ba a horar da wasu ba, ɗalibin noma ya gama karatu bai taɓa ganin tsatsar kara da idonsa ba. Sai a 1998 aka ga ƙuraje a kan alkama mai Sr31 a wata gonar gwaji a Yuganda, aka kai samfur Afirka ta Kudu inda Zacharias Pretorius ya tabbatar sabon nau'i ne, aka sa masa Ug99, shine TTKSK ɗin nan. Ya shiga Kenya da Habasha, ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Yaman a 2006, aka gan shi a Iran a 2007. Norman Borlaug, ɗalibin Stakman wanda ya ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970, yana da shekara 90 da ɗoriya ya tashi ya tayar da ƙura har aka kafa gamayyar yaƙi da tsatsa ta duniya a 2005, wadda daga baya aka sa wa sunansa. Da aka kwaso irin alkamar duniya aka gwada a gaban Ug99, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari suka faɗi.

A ina aka gwada? Ai ba za ka ɗauki Ug99 ka kai Indiya ko Kanada ka sake shi a fili dan kana son gwaji ba, wannan hauka ne. Ko a Minnesota inda babban ɗakin binciken cututtukan hatsi yake, sai cikin killataccen ɗaki ko tsakiyar hunturu lokacin da ko ƙwaya ta kuɓuce ba koren ganyen da zata sauka a kai. Dan haka alkamar ake kaiwa wajen cutar. Njoro a Kenya, tsauni mai tsawon sama da mita 2,000, ana noman alkama kusan duk shekara a yankin, raɓa na sauka, cutar bata yankewa, nan hukumar binciken noma ta Kenya da CIMMYT suka mai da babbar gonar tantancewa, sau biyu a shekara, layuka dubun dubata daga ƙasashe da dama. Debre Zeit a Habasha kuma ta fi ɗaukar alkamar durum. Ƙasa zata aiko da irinta a 'yan ambulan, a shuka, a sa musu cuta, a mayar mata da sakamako tun cutar bata iso gonakinta ba. Wallahi ina ganin wannan na daga cikin haɗin kai mafi amfani da aka taɓa yi a harkar abinci, kuma mutane ƙalilan ne suka san da shi.

A filin, kowane iri ɗan gajeren layi ake ba shi, kamar mita ɗaya. A tsakani da kewaye sai a shuka layukan yaɗawa, wato cakuɗen irin da aka san cutar na so, su ake yi wa allurar nan ko a fesa musu, su rine su dinga zubo wa maƙwabta hoda dare da rana. Bayan kowane 'yan layuka kuma akwai irin shaida wanda aka san dole ya kamu. Shi ake fara dubawa. In shaida bai kai kashi 80 ko sama ba to ba a yarda da sakamakon sauran, dan mai yiwuwa ba juriya suka yi ba, cutar ce bata zo ba. Mai karatu yana rubuta abu biyu, lamba da harafi. Lambar yawan wurin da tsatsa ta rufe ne a ma'aunin Cobb da aka gyara a 1948, kuma wani abin sha'awa, abin da ake kira 100 a ma'aunin a zahiri kamar kashi 37 ne na fatar karan, dan iyakar abin da ƙuraje ke iya rufewa kenan kafin naman ya mutu. Harafin kuma yanayin ƙurjin ne, R mai juriya, MR mai ɗan juriya, MS mai ɗan rauni, S mai rauni. Sai kaga an rubuta 5R ko 30MS ko 80S. Ba sau ɗaya ake karantawa ba, ana dawowa duk sati ko kwana 10 sau uku ko huɗu, dan saurin hawan cutar ya fi lambar rana ɗaya faɗin gaskiya.

Kuma ido ne fa ke wannan aikin, idon mutum da ya yini a rana yana bin layi dubu, wani ya ce 30 wani ya ce 40. Ga tarkuna. Iri mai saurin nuna yana iya bushewa kafin cutar ta yi ƙarfi, ya fito kamar jarumi alhali tserewa ya yi. Wasu ƙwayoyin gadon zafi ke kashe musu aiki, Sr6 da Sr15 suna riƙewa a sanyi su saki in an yi zafi, Sr13 kuma ta fi ƙarfi da ɗumi. Wani lokacin tsatsa mai ɗorawa ta riga ta cinye ganyen kafin wadda ake son aunawa ta iso. Shi yasa sakamakon wuri ɗaya na shekara ɗaya ba hujja bane.

Toh a ce an gama duk wannan, ga layi biyu a gabanka. Ɗaya fes, ko ɗigo babu, 0. Ɗayan yana da tsatsa kamar 15 ko 20, ƙananan ƙuraje nan da can, sun makara wajen fitowa kuma basa ƙaruwa da sauri. Kowa zuciyarsa na kan na farkon, manomi in an kawo shi ranar baje koli shi zai nuna, jami'in da zai sa hannu a saki iri shi ma haka. Ni kuwa na farkon nake tsoro. Tsabta irin wannan sau da yawa alamar ƙwayar gado ɗaya ce mai ƙarfi, kuma mun ga yadda ƙarshenta ke kasancewa. Na biyun alama ce ta wata juriyar daban, wadda bata bayyana a ɗan tsiro sai shuka ta girma, bata hana cutar shiga, rage mata gudu take, ƙurji ya daɗe bai fashe ba, in ya fashe ya zama ƙarami, hodarsa kaɗan, kafin cutar ta taru alkama ta riga ta cika ƙwaya. Da yake ba wani abu ɗaya take ganewa a jikin cutar ba, cutar bata da abin da zata cire ta wuce.

Ba zance bane na baka, akwai tarihi. Sr2 ta shigo alkama ne a shekarun 1920 ta hannun Edgar McFadden a Dakota ta Kudu, wanda ya yi barbarar alkama da wani tsohon danginta ya fitar da irin da ya kira Hope, kuma har yau kusan shekara 100 tana aiki, har a gaban Ug99, duk da cewa ita kaɗai bata isa ba. Ana gane ta da wani baƙi-baƙi da take sa wa ƙaiƙayi da gaɓar kara, wanda wani zai ɗauka cuta ce. Lr34 da ta yaɗu ta irin Frontana na Barazil ita ma gomman shekaru ba a karya ta ba, kuma tana taɓa tsatsa duka ukun har da wata cutar farin fumfuna, alamarta bakin ganyen tuta, wato ganyen can sama, ya ɗan bushe. Da aka gano asalinta a 2009 sai aka ga ba ma irin ƙwayoyin gane cuta bace, wata ƙofa ce ta fitar da sinadarai a bangon ƙwayar shuka. Ɗaya daga irin waɗannan kaɗan take ragewa. Amma aikin Ravi Singh da abokansa a CIMMYT ya nuna in aka tara 4 ko 5 a iri ɗaya, ƙarfinsu na haɗuwa har shukar ta kusa zama kamar bata kamuwa.

Wahalar ita ce gano su. Ƙwayar gado mai ƙarfi in tana nan tana rufe komai, layi ya fito 0, baka san ko akwai ƙananan a ƙarƙashinta ko babu ba sai ranar da ta karye. Nan ne gwajin ɗaki da na fili ke haɗuwa su ba da amsar da ɗaya ba zai iya ba shi kaɗai. Layin da ya faɗi yana tsiro, ya ci 3 ko 4 a ɗakin gilashi, amma a fili da nau'in cuta ɗaya ya tsaya a 20, wannan shi ake nema. Wanda ya tsaya a gwajin tsiro kaɗai da tuni ya zubar da shi a shara. Yanzu akwai gwajin DNA da ake yanko ɗan ganye a duba ko wata ƙwayar gado na ciki ba sai an jira cuta ba, yana rage aiki sosai musamman wajen tara ƙwayoyi da yawa, amma abin da aka riga aka sani kaɗai yake nunawa. Ƙananan ƙwayoyin da ba a sa wa suna ba, da yadda suke aiki in sun haɗu, sai fili.

Abin da ya faru a Habasha ya kamata duk mai wannan aiki ya riƙe shi. A 2010 tsatsa mai ɗorawa ta auka wa ƙasar, ta karya ƙwayar Yr27, irin da manoma suka fi shukawa irin su Kubsa suka rine a dubban ɗaruruwan hekta. Akwai wani iri mai suna Digalu da ya tsaya, ga shi kuma an gwada shi a gaban Ug99 ya ci, ga yawan amfani. Me ake jira? Aka ruɓanya shi, manoma suka rungume shi, kafin 2013 ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na gonakin alkamar ƙasar. Ƙarshen 2013 tsatsar kara ta sauka a yankin Bale, gonakin Digalu wasu ba a girbi komai ba. Da aka duba ba Ug99 bane, wani nau'i ne TKTTF da ake sani a Gabas ta Tsakiya, shi kuwa Digalu ƙwaya ɗaya ce tak, SrTmp, ke riƙe da shi a kan tsatsar kara. An gudu ba a tsira ba. Ba wanda ya yi ƙarya a gwajin, Digalu ya ci jarrabawar da aka yi masa da gaske, tambayar da cutar ta zo da ita ce ba a yi masa ba. Shi ma Ug99 ɗin bai zauna wuri ɗaya ba, a Kenya ya karya Sr24 a 2006, ya karya Sr36 a 2007, yanzu 'ya'yansa sun haura goma.

Kar a ɗauka ina cewa a watsar da ƙwayoyi masu ƙarfi ne. Tsatsar kara in ta zo da ƙarfinta a shekara mai ɗumi da laima, juriyar rage gudu in bata taru da yawa ba tana iya barin asara mai ciwo, kuma manomin da ke kallon ƙuraje a gonarsa ba zai ji daɗin a ce masa ai a hankali take ci ba. Abin da nake ƙi shine a saki ƙwaya mai ƙarfi ita kaɗai tsirara, dan in ta karye an yi asararta har abada, ga su kuma ba yawa ne da su ba, na tsatsar kara da aka sa wa lamba 60 da 'yan kai ne kuma da yawa sun riga sun mutu. A haɗa biyu ko uku masu ƙarfi a kan gindin masu rage gudu, ta yadda cutar sai ta yi canji da yawa lokaci guda kafin ta wuce, in ma ta wuce ta tarar da wani abu a baya. Faɗa da baki sauƙi. Ƙwayoyin da ake ɗebowa daga dangin alkama na daji suna zuwa da kayan da ba a aike su ba, Sr26 ta daɗe tana rage yawan amfani kafin a datse guntun da ta zo da shi, Lr19 tana sa gari ya yi rawaya, ita kanta Sr31 guntun da ya kawo ta yana sa kwaɓin fulawa danƙo. Kuma manomi ba juriya yake sayarwa ba, buhu yake ƙirgawa, irin da ya jure cuta amma ya gaza tsohon iri a awo ba mai shuka shi. Dan haka CIMMYT ke yawo da iri, dabarar da Borlaug ya fara tsakanin Obregon mai zafi a arewacin Meziko da Toluka mai sanyi a kan tsauni, shuka biyu a shekara, daga baya aka ƙara Njoro a zagayen dan a zaɓe su a gaban Ug99 tun suna cakuɗe. Kingbird da aka saki a Kenya da Habasha irin wannan juriyar ta manya yake ɗauke da ita. Duk da haka daga barbara zuwa hannun manomi ana cin shekara 8 zuwa 12, cutar kuwa bata buƙatar ko rabin haka.

Wani abin da ke ƙara rikita lissafi shine cutar na yin aure. Akwai wata ƙaya mai suna barberi, a kanta tsatsar kara ke haɗa jinsi ta haifi sabbin nau'uka barkatai, shi yasa bayan annobar 1916 Amurka ta fara tumɓuke ta a 1918, ɗaruruwan miliyoyi aka cire. Sai a 2010 aka gano ita ma mai ɗorawa a kan barberi take nata. Nau'in mai ɗorawa da ake kira Warrior da ya mamaye Turai a 2011 daga yankin Himalaya aka bi sawunsa, inda cutar ke da yawan nau'uka. Tsatsar kara da Turai ta manta da ita ta dawo Jamus a 2013, ta ci dubban hekta a tsibirin Sisili a 2016. Shi kansa Ug99 binciken 2019 ya nuna nau'i biyu ne suka haɗu suka yi musayar cibiyar ƙwayarsu ba tare da barberi ba ma. Dan haka gonar tantancewa bata da amfani in ba a san abin da ke yawo a iska bana ba, dole wasu su dinga bin gonaki suna yanko kara mai cuta suna aikawa ɗakunan bincike irin na jami'ar Aarhus a Denmak ko na Minnesota, in sabon nau'i ya fito a shigar da shi gwaji, a sake bi ta kan irin da aka riga aka saki. Wannan aikin sa ido shi ake fara yanke wa kuɗi in an yi shekaru shiru, kamar yadda aka yi zamanin Sr31, kuma abin na damuna matuƙa.

A 2021 masana ƙarƙashin jagorancin cibiyar CSIRO ta Ostareliya sun ɗinke ƙwayoyi 5 wuri guda, Sr22 da Sr35 da Sr45 da Sr50 da Sr55, suka dasa su a alkama a matsayin ƙunshi ɗaya da ba ya rabuwa wajen gado, kuma a gwajin fili ta tsaya ƙyam. Amma alkama ce da aka sauya wa halitta a ɗakin bincike, dokokin ƙasashe da yawa da kasuwa basu buɗe mata ƙofa ba tukuna, kuma akwai nau'ukan cutar da tuni suka iya wasu daga cikin biyar ɗin ɗaya-ɗaya, dan haka ita ma sai an ci gaba da kai ta gaban sabbin nau'uka ana dubawa kamar kowane iri.